Kawu da Motar da Ba a Turawa

Shekara da shekaru Kawu yana kai hatsi kasuwar Dawanau da akori-kurarsa, Peugeot 504 haɗin Kaduna, garin da aka fara harhaɗa Fijo a 1975. Da igiya ake ɗaure ƙofar direba. Batir ya daɗe da rasuwa, shi ya sa ba ya ajiye ta sai a gangare. Amma a lafta mata masara har ta durƙusa, haka za ta tafi tana tari.

'Ya'yansa suka ga abin da kunya, suka haɗa kuɗi suka sayo masa motar iyali 'yar Beljiyam, mai kujera bakwai da giya otomatik. Ni aka ɗora wa raka shi ƙauye, ana jibi Babbar Sallah.

Kawu bai ga dalilin da zai hana mota ɗaukar kaya ba. Ya kwantar da kujerun baya, ya jibga buhuna, ya cusa ragon layya. Muna sauka daga kwalta cikin motar ya fara kartar ƙasa, a hanyar da akori-kura ba ta taɓa sanin akwai tudu ba.

A kasuwar wani ƙauye ya kashe inji, ya bar rediyo da fanka da fitilu a kunne don jama'a su shaida. Da muka tashi tafiya, mota ta ce ƙyas-ƙyas, ta yi shiru.

"Samari, ku zo ku tura!"

Na ce, "Kawu, irin wannan ba a tura ta, ba ta da kulocin da za ka saki inji ya kama."

"Kai, tun ba a haifi babarka ba nake tura mota."

Samari suka tura mu har bayan gari, suka juyo da mu, Kawu na ta laluben kuloci da ƙafar hagu.

Bakaniken garin ya buɗe bonet yana neman kafireto ya busa. Babu. Injin zamani injekta ke fesa masa mai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yanke hukunci: sai an kawo kwamfuta daga Kano.

Dab da magariba wani mai cajin waya ya ara mana batir, taɓawa ɗaya mota ta tashi. Samari suka ƙi karɓar godiya, sai da Kawu ya kwance bakin buhu ya auna musu masara. A lokacin muka lura rago ya tauna bel ɗin kujera biyu. Kawu ya tambayi bakanike nawa ake sayar da su a kasuwar Ƙofar Ruwa, da ya ji kuɗin ya juya ya kalli ragon ya ce, "Jibi za mu yi magana."