Sukari daga tsohuwar jarida? Ku gama dariyar tukuna

Na san halinku. Da an ce za a tatso sukari daga tsohuwar jarida har a yi man mota da shi, sai ku taɓe baki ku ce, "Malamin nan rana ta buga shi." To, ku amsa min: garar da ta cinye littattafan kakanku a cikin adaka, wasa take yi? Abinci ta samu. Takarda itace ce aka niƙa, kuma yawancin jikinta selulos ne, wato ƙwayoyin gulukos da aka ƙulla a jere. A tsinka ƙullin, sukari ya fito. A zuba masa yis, ya koma itanol, irin wanda Brazil ta duƙufa yi da rake tun 1975.

Mai tsinkawar wani sinadari ne, selules, da ake samu daga fumfunar Trichoderma reesei. An gano ta a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana cin tantunan sojojin Amurka. Soja na tsaki, masana na murna.

Ga inda gizo ke saƙar. A jikin jarida akwai wani sinadarin itace da yawa, lignin, shi ne ma ke sa ta yi ɗorawa-ɗorawa in ta sha rana. Selules kuwa tsada gare shi, amma da ya shiga kwaɓin takardar sai lignin ya cafke shi kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. An biya kuɗi, ma'aikaci na maƙale, sukari kaɗan.

Sai aka kawo dangin sabulu, sinadaran da gefe ɗaya ke son ruwa, ɗayan ke son maiƙo. Fitaccensu Tween 80. Alhaji, kada ka yamutsa fuska, akan sa shi a askirim, kuma na ga yadda kake lashe cokali. Shi ke riga zuwa ya lulluɓe lignin, selules ya sami hanyar aikinsa. A bar kwaɓin a zafin digiri 50 kwana biyu ko uku, sukari ya ƙaru, ko a sami daidai na da da selules kaɗan.

Na hango wani ya miƙe zai ɗauko omon uwargida. Zauna! Kumfar wanki irin wannan lalata selules take yi. Sai ka tashi ba sukari, ba omo, ga faɗa da dare.

Mai tambayar yaushe man zai iso gidan mai kuwa, na ba ka gaskiya, tambayarka ta fi ta kowa nauyi. Shi ma Tween ɗin ba kyauta ba ne, kuma dole abin da ya ƙara ya biya kuɗinsa. Sannan sai an tara takarda tan-tan, abin da ke nufin sai kun fara shawo kan mai tsire da mai ƙosai su saki abin naɗinsu. Wannan zaman sulhu ku za ku je, ni ba na ciki.