'Yan Gardamar Kalma a Dei-Dei

Dei-Dei, a kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, ta tara bakuna iri-iri, daga kasuwar kayan gini har karar dabbobi. Duk teburin mai shayin da ya haɗa Bakano da Basakkwace da mutumin Maraɗi kuwa, ba a rasa musu a kan Hausa.

Akwai Malam Ƙugiya. Ƙusa ya zo saya, sai ya hangi allon shago an rubuta "Akwai kusa". Nan zai ja birki: "Kai yaro, kusa da me?" Zai yi wa yaron shago karatun ƙ da ɗ da ɓ har a kira Azahar, kafinta na can yana jiransa a kan rufi.

Sai mai ƙamus, galibi tsohon malamin makaranta. Hujjarsa ɗaya ce, ƙamus ɗin Bargery na 1934. Littafin ya haura shafi 1,000, kuma kullum yana can gida a Zariya, saboda haka ba mai iya ƙaryata shi.

Basakkwace ba ya doguwar magana. In aka ce "wuya", sai ya ɗago: "Mi kac ce? Wiya dai." A ganinsa Kanawa ne suka lanƙwasa harshen, kuma yafe musu kawai ake yi.

Wanda ya fi kowa cin ribar musun shi ne dillalin kara, don shi da gangan yake barin kalma a buɗe. Jaka a bakin dattawan Najeriya fam 100 ce, wadda ta koma naira 200 da aka canja kuɗi a 1973. A Nijar kuwa jikka sefa 1,000 ce, wato dala 200 a lissafinsu na can. In mai rago ya fito daga Maraɗi, mai saye kuma Bazazzage ne, dillali zai tsaya tsakani yana gyaɗa wa kowa kai. Bai yi ƙarya ba, bai kuma fayyace ba, la'adarsa dai tana nan.

Abin tausayi shi ne sabon mai koyon Hausa. Ya taya rago, mai shi ya ce "Albarka", shi kuma ya washe baki ya kama igiya, a zatonsa addu'a aka yi masa. Sai an taru an fahimtar da shi cewa tayin ne bai yi ba, kuma ragon ba ya motsawa sai ya ji "Na sallama".