Ɗan Gandi da Takardar Kawu

Sunansa ba zan faɗa ba, domin ni da shi hula ɗaya muke sawa, kuma har gobe in aka ambaci Helwan tare gumi ke karyo mana. Mu dai ce ɗan Gandi ne, ta ƙasar Rabah, wanda ya sauka Alƙahira a 2014 don karatu a Azhar. Alfiyyar Ibn Malik na kansa, takardar kwatancen da kawunsa ya rubuta masa na aljihu. Kawun ya yi nasa karatun can a shekarun 1990, kuma a wurinsa birnin bai motsa ba tun ranar da ya baro shi.

Duk sanin da mutumin namu ya yi wa mota bai wuce ta kasuwa mai zuwa Sakkwato ba, wadda ba ta tashi sai ta cika ta batse, sai kuma kabu-kabu a cikin gari.

A mako na biyu ya fito daga Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, zai je Dandalin Tahrir neman takardar zama. Ya tari farar ƙaramar bas ɗin nan da Misrawa ke kira mikrobas, ya samu kujerar da ke bayan direba, ya harɗe. Abin da kawu bai rubuta ba shi ne, yawancin motocin nan ba su da karen mota. Fasinja ke miƙa kuɗi hannu da hannu daga baya, kuma wanda ke bayan direba shi ke tarawa.

Sai ya ji an taɓa masa kafaɗa, an danƙa masa kuɗi. To a Gandi, in aka ga saurayi da jallabiya da hula da carbi aka miƙa masa kuɗi, ai ba sai an yi fassara ba. Ya karɓa hannu biyu, ya yi addu'a da Larabci mai kyau, ya soke a aljihu. Aka ƙara miƙowa, ya ƙara addu'a. A karo na huɗu har ƙwalla ta taru masa, yana mamakin yadda mutanen Masar ke girmama masu neman ilimi. Can direba ya miƙo hannu ta bayan kafaɗa ba tare da ya waiwayo ba. Ɗan Gandi ya kama hannun, ya gaisa da shi.

Hayaniyar da ta biyo baya ba ta cikin kowane littafin nahawu. Wani dattijo ne ya tausaya, ya yi masa bayani a hankali, ya zazzage aljihu, har da nasa kuɗin da suka cuɗanya da na jama'a. Mai bin canji na bi, shi kuwa bai ma gama rarrabe sulallan ƙasar ba. Da aka zo Dandalin Ramsis, maimakon ɗan gajeren "ala gamb ya usɗa" da kowa ke faɗa in zai sauka, sai ya jero jimla cikakkiya, kowane wasali a mazauninsa. Wani daga kujerar baya ya amsa da "sadaƙallahul azim", mota ta kece da dariya.

Ya gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, na farko a Afirka. Takarda ta ce ya nemi tashar Mubarak. Ya zaga ya zaga yana tambaya, ana yi masa wani irin kallo, alhali a cikinta yake tsaye: tun bayan juyin juya halin 2011 aka mayar da sunanta Shuhada. Ya yanki tikitin fam ɗaya. Jirgi ya iso maƙare, amma a tsakiya ya hango tarago mai sarari, ya yi wuf ya faɗa yana yaba wa wayonsa. Sai da ƙofa ta rufe ya lura duk idanun da ke kansa da kwalli. Taragon mata ne. Wata tsohuwa ta kira shi ɗanta, ta nuna masa ƙofa da haɓa. A tashar Urabi ya fice da gudu ya koma cikin maza.

Saura magana ɗaya, wadda kawu ya ja wa layi biyu: kada ka sauka sai jirgi ya tsaya Sadat. Ita ce tashar da ke ƙarƙashin Tahrir, kuma an rufe ta tun watan Agustan 2013 saboda tarzomar siyasa, ba a sake buɗe ta ba sai Yunin 2015. Jirgi ya ratsa ta ya wuce. Da ya sauka a ta gaba, Sa'ad Zaglul, da tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa. Amma yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya tsallake maganar kawu. Sayyida Zainab ta wuce, Mar Girgis ta wuce, Ma'adi ta wuce, jirgi ya daɗe da fitowa sarari, gidaje suka fara sauya kama, shi dai yana jiran Sadat. Sai da kowa ya watse aka bar shi shi kaɗai, sannan ya karanta allo: Helwan, ƙarshen layi.

Daga nan ya buga waya gida.

"Mi kaka yi Helwan?" in ji kawu. "Ba Mubarak ka shiga ba?"

"Kawu, babu Mubarak yanzu."

"Wanga na sani. Har tashar?"

"Har ita."

"Sadat fa?"

"An ruhe ta."

Kawu ya yi shiru har ɗan Gandi ya zaci katin ya ƙare. Can ya nisa. "To wa yar rage?"

Ya ɗaga kai ya duba taswirar da ke bango. "Nasir dai na nan."

"To ka koma ka sauka wurinai, tun ba su taɓa shi ba."