Madalla da Masu Ƙirga

A yi wa mutanen Diggi albishir: yanzu ba wanda amai da gudawa zai kashe ya tafi a banza. Kafin a watse daga zaman makoki, an shigar da shi kwamfuta.

Da can kwalara kan shigo gari da damina, ta yi ɓarnarta ta fice, babu mai rubutawa. Yau kuwa Allah ya kawo mu zamani. Muna da hukumar daƙile cututtuka ta NCDC tun 2011. Muna da jami'in sa ido kan cututtuka a ƙananan hukumomi, har da tamu ta Kalgo. Ga manhajar SORMAS da aka ƙirƙiro tare da Jamusawa bayan Ebola ta 2014. Mutum ya fara zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa da asuba, labarinsa zai bi Kalgo, ya ratsa Birnin Kebbi, ya sauka Abuja. Shi mara lafiyar mai yiwuwa ko bakin titi bai kai ba, amma labarinsa ya isa lafiya.

Dubi aikin 2021, shekarar da Kebbi ma ta ɗanɗana. An ce mutum 111,062 ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, 3,604 sun rasu. Ba dubu uku da ɗari shida ba, har da huɗu a kai! Wannan huɗun ta burge ni. Ƙasar da ta kasa kai ruwan famfo unguwa, amma ba ta ɓatar da gawa huɗu a lissafi ba, ai ta cancanci jinjina.

Ga kuma ladabi. Jami'i ba ya kiran cutar da sunanta sai an ɗebi samfur an kai ɗakin gwaji, sakamako ya dawo. Kafin nan sunanta amai da gudawa, kamar ɗan ɓacin ciki bayan walima. Ita kwalarar ce mara tarbiyya: takan tsotse ruwan jikin ƙato cikin sa'o'i, ido ya faɗa, fata ta yamutse, ba ta jiran takarda. Laifin wa ke nan?

An yi wani likita a Landan, John Snow. A 1854 ya ƙirga mamatan kwalara gida-gida, ya ga yawancinsu famfo ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Gajen haƙuri! Ya ƙirga sau ɗaya ya ruga ga ruwa. Mu mun wuce nan. Hannun rijiyar burtsatsen unguwarmu ya karye da kansa damina uku ke nan, ba mu wahalar da kowa ba. Mata sun koma rijiyar da ba murfi, wadda ruwan sama ke koro mata duk abin da aka ajiye a bayan gari. Na ga wani jami'i ya zo a babur, ya jingina da matacciyar burtsatsen don samun inuwa, ya cike fom ɗinsa tsaf, ya tafi. Bawan Allah, ko kuɗin mai da ƙyar ya samu, kuma babu gurbin burtsatse a fom ɗin.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Dokar na nan lafiya, bayan gari ma haka. Ana dai yin bita a otal, da ruwan gora mai sanyi a gaban kowa.

Kai kuma mai karatu, in yaronka ya fara, dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ka yi ta ba shi kuna hanyar asibiti. In kun makara ma, kada ka damu, an tanadar masa gurbi a rahoton mako.