Yadda ake gane buta ta gama aiki

Kafin ka ɗauki kuɗinka ka nufi babbar kasuwar Sokode, zauna ka riƙe ƙa'ida ta farko: a gidajenmu na Kpangalam kaya ba ya mutuwa rana ɗaya, muƙami ake rage masa. Bokitin da ya shigo sabo na ruwan sha ne. In ya tsage ta baki ya koma na wanki, in tsagar ta sauko ciki ya koma na toka, in gindi ya huje kuma an samu wurin shuka tattasai. Abin da za ka koya shi ne gane matakin da kowane kaya yake.

Mu fara da buta, don ita ce mai ma'auni mafi inganci, sau biyar a yini ake gwada ta. Cika ta har wuya. Tsuguna inda ka saba, ka kama alwala a jere, ba gaggawa, ba nawa. In ruwan ya kai ka ƙafar hagu, buta lafiyarta ƙalau. In ya ƙare a ƙafar dama, tsufa ya fara, sai ka matso da wurin alwala taku uku kusa da randa. In ya tsaya a shafar kai, sa wuƙa cikin garwashi har ta yi ja, ka yanko guntun roba daga butar da ta gabace ta (dalilin ajiye waccan ke nan a bayan ɗaki), ka liƙe hujin. Haka za ka yi ta yi. Ranar da ka ƙirga ka ga liƙi ya fi asalin roba yawa, ka riga ka sauya buta, a hankali ka sauya ta, zuwa kasuwa ya faɗi. Butar da ake saya wa magajiya ita ce wadda ruwanta ke ƙarewa kafin kurkurar baki. Ko ita ma kada ka yanke mata hukunci tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ke gangarowa ta Dapaong. A watannin nan leɓe na tsagewa, diddige na tsagewa, ba adalci ba ne a ware buta.

Silifa tana da gwaji biyu. Na farko na igiya ne: in ta fita, soka ƙusa a gicciye ta ƙasa, ta koma aiki. Na biyu na kauri ne. Ajiye dala goma da dala ashirin a ƙasa, ka rufe ido, ka taka su ɗaya bayan ɗaya. In diddigenka ya bambance maka su, silifar ta gama yawon gari, kai ta ƙofar bayan gida. Can ba a duba kala, hagu shuɗiya dama koriya duk ɗaya ne. Daga nan yara za su karɓa su yanka tayoyin mota.

Tsintsiya kuwa da bayan mai shara ake auna ta. In sai an durƙusa kafin ta taɓa ƙasa, a mayar da ita sharar murhu. Burushin haƙori likitoci sun ce wata uku zuwa huɗu, sannan ya wuce wankin takalmi, ya ƙare a sarƙar babur. Asuwaki bai wahalar da kowa ba, da kansa yake ƙarewa.

Yanzu natsu, domin akwai kaya ɗaya da bai yarda da wannan tsari ba: gidan sauro. A Disamban 2004 Togo ta raba gidajen sauro masu magani a faɗin ƙasa tare da allurar rigakafin ƙyanda, kuma tun lokacin ake maimaita rabon. Maganin da ke jikin zaren yana riƙe ƙarfinsa kamar shekara uku, ko wanki ashirin. Bayan haka sai ka ga gidan fari tas, an ɗinke hujojinsa, an ƙulle wasu da zare, amma sauro ya sauka a kansa ya huta ya jira hannun yaro ya jingina. A nan idonka ba zai gaya maka komai ba, diddige ma ba shi da aiki. Rubuta shekarar da ka karɓe shi da gawayi a bango, saitin ƙusar da ka rataye shi. Shekara uku na cika, nemi sabo, ko da tsohon bai ce uffan ba, kuma ka rataya shi kafin ruwan farko ya sauka.

Tsohon kuma kada ka jefar. Kafa sanda huɗu kewaye da bokitin tattasan nan, ka lulluɓa shi a kai, ka danne gefensa da duwatsu saboda kaji.