Masu Cika Fili a Madarunfa

Tun da taron ƙasa na 1991 ya buɗe wa jam'iyyu ƙofa a Nijar har zuwa 2023, ƴan takara ne kawai ke sauyawa a Madarunfa. Masu cika filin mitin, su ɗin ne dai.

Ga Hajiya mai akwati. Tana da atamfar jam'iyyar Tarayya ruwan hoda, da koriyar Nasara, da ta Canji wadda ko tela bai gani ba. Da hantsi sai ta aiki yaro ya leƙo ayarin wa ke tafe, sannan ta san zanen da za ta ɗaura. Ka tambaye ta wa za ta zaɓa, ta ce, "Haba ɗan nan, ƙuri'a ai sirri ce."

Ɗan kabu-kabu ba shi da dogon zance. A cika masa tanki, ya rako ayari daga Jirataua har bakin tafki, hannu bai bar oda ba.

Sai sarkin tafi. Ɗan takara na zuba Faransanci, shi ba ya jiran tafinta. Da an numfasa, raf-raf-raf! Ko jajen ambaliyar Gulbi ake yi, shi dai ya tafa.

Maroƙi kuwa, a girmama shi, don aiki yake yi. A tsohuwar daular Rum, mai neman muƙami kan zaga kasuwa da bawa a bayansa yana raɗa masa sunayen mutane, don ya gaishe su tamkar ya san su. Namu ba ya raɗa. Da lasifika yake faɗin sunanka, da na ubanka, da kakan da kai kanka ba ka taɓa jin labarinsa ba. Jikka biyu, ya haɗa ka da sarautar Katsina. Ka hana shi, ya tuna cewa kakan nan jaki yake kora.

Kada a manta mutumin Ɗan Isa, mai cin tuwon ƙasa biyu: yau mitin a nan da sefa, jibi a Jibiya da naira. Wani lokaci ya rikice ya ɗaga kirarin jam'iyyar ƙetare, a yi ta harararsa.

Soja sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, suka rusa jam'iyyu a watan Maris na 2025. Duk cikin masu cika fili ba wanda ya ji jiki kamar mai hayar rumfa da kujeru. Yanzu biki da suna kawai yake jira.