Almajiran Wuƙa a Duwala

Shekara 7 ɗalibi yake yi a Kamaru kafin a kira shi dokta, kuma a cikinsu akwai watannin da ake tura shi sashen tiyata. Tun da Jami'ar Duwala ta sami tsangayar likitanci a 2006, ba sai an je Yawunde ba kafin a ga samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna bin babban likita kamar 'yan tsaki, a asibitin Laquintinie ko a Babban Asibitin Duwala. Magana ta gaskiya, ba yanka aka aike su koyo ba. Akasarinsu ƙaramin asibiti za su zauna, inda aikinsu shi ne su gane wane ciki ne na magani, wane ne ba zai jira wayewar gari ba. Da wannan mudun ya kamata a auna su.

Wanda mudun ya fi tona wa asiri shi ne ɗalibin da nake kira Sarkin Fawa. Tun ranar farko ya zo da hular tiyata tasa ta kansa, mai zanen furanni, wadda ko shugaban sashe bai mallaki irinta ba. Babu ƙafar kujera a ɗakin hutu da bai ɗaure da zare ba, wai yana koyon ƙulli da hannu ɗaya. Bai san sunan majinyaci ko ɗaya ba, sai dai ka ji ya ce "ƙabar gado na shida" ko "hanjin da taifot ya huda". A ce ya rubuta tarihin ciwo, kansa na sarawa. A ce ya wanke gyambon mai ciwon suga, fitsari ya matse shi. Amma da ya ji ƙarar gadon tura marasa lafiya, shi ne gaba, har yana ture nas da kafaɗa. A ciki kuwa abin da ake ba shi bai wuce ƙarfen ɗage fata ba. Sai ya yi awa biyu yana ja, kafaɗa na zogi, ba ya hango komai sai gwiwar hannun maigida. In aka ce ya datse zare, ko ya bar jela ko ya datse har ƙullin. Da yamma a wurin mai suya za ka ji shi yana cewa "yau mun sha aiki, mun cire afendis uku".

Za a ce ai irinsa ake buƙata, tunda likitan da aka tura ƙauye mai nisa wata rana shi kaɗai zai fiɗe mai naƙuda ko ya gyara ƙabar da ta shaƙe. Haka ne, kuma shi ya sa ba na jin haushinsa. Sai dai hannu yana koyuwa da maimaici, ko birin gida ya iya kwaikwayo. Abin da ke wuya shi ne sanin ranar da za a yanka da ranar da za a haƙura, kuma wannan a bakin gado ake koyonsa, da taɓa ciki da safe a sake taɓawa da la'asar, wato daidai wurin da Sarkin Fawa yake gudu.

Sauran ba su da nauyi. Akwai mai karya alwala, wanda zai goge hannu minti biyar har gwiwa, a sa masa safar hannu, sannan ya sosa hanci. Akwai Sumau, da ganin jini sai bango, a koma jinyar mutum biyu. Akwai Alaramma, ya haddace rassan jijiyoyi da sunayen Turawan da suka gano su, amma robar fitsari ta gagare shi. Akwai Aljani, ba a ganinsa sai ranar sa hannu a littafin shaida. Akwai kuma mai tsayawa can baya, ya bar kallon rauni yana kallon abokansa yana rarraba su gida-gida. Irinsa a ƙarshe mujalla yake rubuta wa.

Ɗaya ne ba ya ba ni dariya. Shi ne ɗan New Bell, haihuwar unguwar Hausawa, wanda da ya sa farar riga sai Hausa ta zube masa. Duwala gari ne na bensikin, wato baburan haya, har mutane suka laƙaba wa wani ɓangare na Laquintinie sunan baburan saboda yawan waɗanda suke karyawa. Ga dattijo an kawo daga Kasuwar Kongo, ƙashin ƙwauri ya fasa fata, likita yana bayani da Faransanci, tsoho yana gyaɗa kai don kunya, shi kuma gogan yana tsaye yana duba farcensa, kada 'yan ajinsu su san inda ya fito. Hujjarsa wai karatu ya zo, ba tafinta ba, kuma Hausa ba ta da kalmomin. Wanzami da wane harshe yake bayani? Mai ɗori fa? Shi ai cewa yake "Baba, kwantar da hankalinka", ya faɗi kwana nawa, ya faɗi nawa ne, dangi su gane. Shi ya sa suke sa hannu su ɗauke majinyacinsu da dare su kai wa mai ɗori. Bayan mako biyu a dawo da ƙafar tana wari, a rubuta sunan tsohon a jerin waɗanda za a guntule, Sarkin Fawa kuwa tun asuba ya sa hularsa.